Kwana biyu a gandun Abbotsford da garin Mungo Park

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyarwa a firamare a ƙasar Yawuri kafin ya yi ritaya. Da ya zo bikin yaye mu a Edinbura a farkon watan Yuli, na tambaye shi inda yake so in kai shi kafin ya koma gida, ina zaton zai ce Landan. Sai ya ce, "Ɗana, kai ni garin Mungo Park. Na daɗe ina rubuta sunan mutumin nan a allo ban san ƙasar da ta haife shi ba."

Garin Park, Baturen matafiyin nan da ya bi kogin Kwara, shi ne Selkirk, a kudancin Sikotilan, yankin da suke kira Borders saboda ya yi iyaka da Ingila. Da na duba taswira sai na ga kusa da shi akwai wani tsohon gandu a bakin kogin Tweed mai suna Abbotsford, gidan marubucin nan Sa Walter Scott. Na sayi tikiti biyu ta intanet, na kama mana ɗaki na kwana biyu, da niyyar mu leƙa gidan na awa ɗaya mu wuce abin da ya kawo mu. Awa biyar muka yi a ciki, kuma tikitin nan shi ne kuɗin da na fi jin daɗin kashewa a duk tafiyar.

Zuwa ba wuya. Jirgin ƙasa yana tashi daga tashar Waverley a tsakiyar Edinbura, ya kai tasharsa ta ƙarshe, Tweedbank, cikin kusan awa guda. An rufe wannan layin a 1969, sai a 2015 aka sake buɗe shi. Tashar Waverley ɗin ma daga sunan littafin Scott na 1814 ta samo sunanta, kuma in ka zaro takardar kuɗi ta Bank of Scotland daga aljihunka, fuskarsa ce a jiki. Daga Tweedbank zuwa ƙofar gandun tafiyar kamar mil ɗaya ce a ƙafa, hanya shimfiɗaɗɗiya. Kawu da sandarsa ya yi ta cikin rabin awa, muna tafe muna tsayawa.

A bakin shiga akwai sabon gini mai ɗakin nune-nune, shago da wurin cin abinci. Shawarata ta farko ke nan: kada ka tsallake ɗakin nune-nunen ka ce gidan kake sauri. A nan aka shimfiɗa rayuwar mutumin daki-daki, kuma in ba ka san ta ba, gidan zai zame maka tarin tsofaffin takubba kawai. A ƙofar gidan kuma sai su miƙa maka na'urar sauraro, ka riƙa bin ɗakuna tana yi maka bayani. Turancinta a fili yake, Kawu bai nemi in fassara masa komai ba. Amma abin da ya fi na'urar shi ne 'yan sa-kai da ke tsaye a ɗakunan, yawancinsu dattawa. Wata tsohuwa ta tsaya da mu kusan minti ashirin, Kawu yana jefa mata tambaya tana amsawa, ba gajiya, ba duban agogo.

Asalin wurin gona ce 'yar ƙarama, eka ɗari da 'yan kai, mai suna Cartleyhole. Saboda taɓo da dagwalon da ke cikinta, mutanen yankin suka laƙaba mata Clarty Hole, wato ramin ƙazanta. Scott ya saye ta a 1811 a kan fam 4,200 daga hannun wani limamin coci na Galashiels, ya tare da iyalinsa a 1812. Ya canza mata suna zuwa Abbotsford, don tunawa da mashigin da 'yan zuhudun Melrose suke ƙetare kogin ta wurinsa a zamanin da. Yadda ya haɗa kuɗin sayen shi ne abin lura: rabi ya ranto daga wajen yayansa, rabi kuma ya karɓa a kan wata doguwar waƙa da bai riga ya rubuta ba. Tun daga ranar farko, gandun nan a kan alƙalami aka dasa shi, kuma a kan aikin gobe.

Haka ya ci gaba. Littafi ya fito, kuɗi ya shigo, ya sayi gonar maƙwabci. Wani lokacin ma kafin littafin ya fito. A 'yan shekaru gonar eka ɗari ta zama gandu mai eka kusan 1,400. Ya rushe tsohon gidan gonar, ya kawo mai zanen gini William Atkinson, suka yi ta gini daga 1817 har 1824, da hasumiyoyi da soraye irin na tsofaffin gidajen sarautar ƙasar. Ya sa fitilar gas tun lokacin da gidaje ƙalilan ne suke da ita a Sikotilan. Duk wani tsohon abu da aka cire daga wani gini mai tarihi, in ya ji labari sai ya nemo: ƙofar tsohon kurkukun Edinbura tana nan liƙe a jikin bango, katakon da aka yi wa zauren shiga ado da shi kuma daga tsohuwar majami'ar Dunfermline aka ɗebo.

Ɗakin da ya riƙe mu shi ne ɗakin rubutunsa. Ba shi da girma. Taga ɗaya ce, haske kaɗan. Teburinsa yana tsakiya, kujerarsa ta fata tana gabansa, fatar ta goge ta yi laushi inda jiki ya daɗe yana zama. Littattafai sun kewaye bango har sama, da 'yar baranda a saman, da wata ƙaramar matakala a kusurwa da take kaiwa ɗakinsa na sama, don ya riƙa saukowa da sassafe ya kama aiki ba tare da ya tayar da kowa ba. Mutum ne da shan inna ya taɓa masa ƙafar dama tun yana jariri, ga aikin alƙalanci a Selkirk, ga aikin kotu a Edinbura, amma kafin baƙi su tashi karin kumallo ya riga ya cika shafuka.

A wannan ɗakin tsohuwar ta ba mu labarin 1826. A ƙarshen 1825 kasuwar kuɗi ta Landan ta rikice, bankuna suka yi ta durƙushewa. Kamfanin Constable da ke wallafa littattafansa ya faɗi, ya ja maɗaba'ar Ballantyne, wadda Scott yake da hannun jari a cikinta a ɓoye. Aka wayi gari a watan Janairun 1826 ana bin sa bashin da ya haura fam 120,000. A wancan zamanin wannan dukiya ce da zuri'a guda ba ta tara ta. Doka ta ba shi ƙofar fita: ya bayyana cewa ya karye, a raba abin da ya rage, a yafe sauran. Abokai kuma suka miƙo hannu. Ya ƙi duka biyun. Ya rubuta a littafin ajiyar sirrinsa cewa hannunsa na dama ne zai biya. Ya sayar da gidansa na Edinbura, ya sa duk abin da alƙalaminsa zai samo a hannun amintattu domin masu bin sa. A watan Mayu na shekarar matarsa Charlotte ta rasu. Ya koma teburin nan.

Kawu ya daɗe tsaye, hannunsa biyu a kan sanda, yana kallon kujerar. Can ya ce a hankali, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma wanda zai zauna ya biya shi da lafiyarsa, ba kowa ba ne."

Ni dai ba zan wanke Scott tas ba, kuma nunin da ke gidan ma bai wanke shi ba, abin da ya ƙara min ganin girman masu kula da wurin ke nan. Ba ƙaddara kaɗai ta kayar da shi ba. Ya ci kuɗin littattafan da bai rubuta ba, ya yi ta sayen ƙasa da tsada don yana son a kira shi mai gandu, ya ɓoye wa mutane cewa shi ɗan kasuwa ne. Gidan ma ya tsira ne domin a 1825, wajen auren babban ɗansa, an riga an rubuta shi da sunan ɗan, don haka masu bin bashi ba su da ikon taɓa shi. Wannan duk gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma cewa ya yi shekara shida yana rubutu kamar ana korar sa, ciwon shanyewar jiki yana buge shi yana tashi, har masu bin sa bashi suka ji kunya, a 1830 suka mayar masa da littattafansa da kayan ɗakinsa kyauta. Bai ga ƙarshen bashin ba. Sai a 1847, shekara goma sha biyar bayan rasuwarsa, aka cike ragowar da kuɗin haƙƙin mallakar littattafansa. Na san mutanen da aka bi su abin da bai kai ƙwayar wannan ba suka canza lambar waya. Shi ya sa ɗakin ya taɓa ni fiye da yadda na zata.

Daga nan sai babban ɗakin karatu, mai littattafai fiye da 7,000, kowanne a gurbin da mai shi ya ajiye shi. Tagoginsa suna kallon kogi. A cikin wani akwatin gilashi akwai tarkacen tarihi da ya tara, har da silin gashin Yarima Charles Edward Stuart da kayan rubutun Napoleon. Gaba kaɗan akwai falo mai takardar bango koriya da aka zana da hannu a ƙasar Sin, tsuntsaye da furanni da mutane, kyautar wani ɗan'uwansa da ke aiki da kamfanin Ingila na Gabashin Indiya. Sai ɗakin makamai: bindigar Rob Roy, shahararren ɗan tawayen Sikotilan, takubba da wuƙaƙe, a zauren shiga kuma ga sulken sojan Faransa daga filin yaƙin Waterloo, inda Scott ya je da kansa a 1815. Yara za su so ɗakin makaman. Mu mun ratsa shi cikin minti biyar.

Ɗakin cin abinci ne ƙarshe. A 1832 aka dawo da shi daga Italiya, inda aka kai shi neman lafiya, jiki ya riga ya ƙare. Aka kafa masa gado a wannan ɗakin, kusa da taga, don ya riƙa jin motsin Tweed. Nan ya cika ranar 21 ga Satumba, 1832, yana da shekara 61. Na tsaya a tagar. Ciyawa ce shimfiɗe har bakin ruwa, kogin yana tafiya a kan tsakuwa, ba sauri.

Wata biyar bayan rasuwarsa, a 1833, aka buɗe gidan ga masu ziyara, don haka yana cikin gidajen da suka fi daɗewa suna karɓar baƙi irinmu. Jikarsa Charlotte da mijinta James Hope-Scott suka ƙara wani ɓangare don iyali su samu sakewa daga idon jama'a, da ƙaramin ɗakin ibada na Katolika. Sarauniya Victoria ta zo a 1867. Zuri'arsa ta zauna a gidan har 2004, lokacin da Jean Maxwell-Scott ta rasu. Daga baya wata gidauniyar amintattu ta karɓi ragamar wurin, aka yi masa babban gyara, aka sake buɗe shi a 2013. Kuɗin tikitinka can yake tafiya, wajen rufi da bango da littattafai.

A waje akwai lambuna uku masu katanga, a jere kamar ɗakuna marasa rufi. A bakin ƙofa akwai mutum-mutumin karensa Maida, an binne karen a ƙarƙashinsa. Amma ni itatuwan ne suka fi burge ni. Da ya sayi wurin fili ne fetal, shi ya yi ta dashe da hannunsa, yana rubuta abin da ya shuka da inda ya shuka. Yau kurmi ne, da hanyoyin ƙafa a cikinsa har bakin kogi, kuma yawo a cikinsu ba sai da tikiti ba. A Sikotilan akwai dokar 2003 da ta ba kowa damar ratsa yawancin filaye da dazuzzuka a ƙafa, ko na wane ne, muddin bai yi ɓarna ba. A bakin ruwan muka yi alwala, muka shimfiɗa rigar ruwa muka haɗa Azahar da La'asar. Wani mai kare ya hango mu, ya ja karensa ya kewaye ta nesa.

Wanda zai je ya sani cewa ɗakunan ƙasa ne ake zagawa, kuma ba su da yawa. In fada kake nema mai ɗaki ɗari, ba nan ba ne. Ka je da safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, domin ɗakin rubutun ba ya ɗaukar mutane da yawa, kuma ɗaki ne da yake son shiru. Ka riƙe rigar ruwa ko da rana ta fito. A wurin cin abincin mun sha miyar ganye da burodi da shayi, ma'aikaciyar ta duba mana abin da aka sa a ciki ba tare da ɓata rai ba.

Inda aka ɓata mana shi ne masauki. Wani ƙaramin gidan baƙi ne a cikin gari, ɗakin tsaf, gadon lafiya lau. Amma tun wajen kama ɗakin na rubuta musu cewa ba ma cin naman alade, na sake faɗa da baki da muka iso. Da safe aka kawo mana ƙwai da tumatir, ƙanshin kaskon da aka soya naman yana jikinsu. Kawu ya ture farantin a hankali, ya sha shayi da burodi, bai ce komai ba. Ni ne abin ya ci wa rai, domin dattijo ne, kuma baƙona. Washegari sai na ce a dafa ƙwan da ɓawonsa. Wanda zai kwana a ƙananan garuruwan nan ya yi haka tun farko, ya kuma sa buta a jakarsa. Ga kuma tsawon rana: a farkon Yuli sai wajen ƙarfe goma na dare take faɗuwa, asuba kuma ta yi sammako, don haka barcin kaɗan ne.

Da yammacin ranar farko mun shiga Melrose, mil biyu ko uku daga gandun. Kangon majami'ar 'yan zuhudu ne abin gani, jan dutse mai sassaƙa kamar an yi da allura. Sarki David na ɗaya ya kafa ta a 1136, ta yi arziki da ulun tumaki, sojojin Ingila suka ƙone ta a 1322 da 1385, suka sake a shekarun 1540. A harabarta aka binne wani ƙaramin akwatin darma da ake ɗauka zuciyar Sarki Robert Bruce ce a ciki. Labarin ya ja hankalin Kawu: sarkin ya yi wasiyya a kai zuciyarsa Ƙudus, jaruminsa James Douglas ya ɗauke ta, amma bai wuce Andalus ba, aka kashe shi a 1330 a Teba yana yaƙi da rundunar Musulmin Garnaɗa, aka dawo da zuciyar gida. Bayan garin ga duwatsun Eildon uku, a gindinsu Rumawa suka yi sansanin da suka kira Trimontium, akwai ƙaramin gidan tarihinsa a cikin gari. Ba mu hau ba saboda gwiwar Kawu. Dryburgh, inda kabarin Scott yake, yana gaba kaɗan ga mai mota.

Rana ta biyu ta Mungo Park ce. Mun shiga bas zuwa Selkirk, gari a kan tudu, tsohuwar cibiyar masu ɗinkin takalma da masaƙun ulu. A dandalin kasuwa ga kotun da Scott ya yi alƙalanci, aikin da ya riƙe daga 1799 har rasuwarsa, mutum-mutuminsa a gabanta. A ɗaya ƙarshen babban titin kuma ga na Park, wanda aka kafa a 1859, daga baya aka ƙara masa siffofin mutanen Afirka na tagulla a kusurwoyi huɗu. Shekararsu ɗaya da Scott, dukansu 1771 aka haife su, kuma sun yi abota.

Kawu ya zagaya shi sau biyu. Ya ce, "Shekara da shekaru ina gaya wa yara wannan ne ya gano kogin Kwara, alhali iyayensu a cikinsa suke su, a cikinsa suke wanka." Bai faɗa da fushi ba. Ya san tarihin fiye da allon da ke wurin: Park ya fara ganin kogin a Segu a 1796, ya dawo ya yi aikin likita a Peebles, ya koma a 1805 da Turawa fiye da arba'in, zazzaɓi da atini suka cinye su, biyar kacal suka rage lokacin da jirginsu ya tashi daga Sansandin. Suka gangaro kogin suna ƙin tsayawa gaida masu ƙasa, suna harbin duk wanda ya matso. A Yawuri ɗan jagoransu Amadi Fatuma ya sauka. Gaba kaɗan, a duwatsun ruwan Busa, a 1806, tafiyar ta ƙare. Tsohuwar Busa ɗin ma yanzu tana ƙarƙashin ruwa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwan da ya tashi ƙauyukan tsibirai da na bakin kogi har ƙasarmu.

Gidan da aka haife shi yana Foulshiels, kamar mil huɗu daga Selkirk, a kwarin kogin Yarrow. Mun ɗauki tasi, direban ya yi mana lattin minti arba'in, ya kuma ƙara kuɗi a kan abin da muka yi da shi a waya, don haka ka daidaita farashi har da na jira kafin ka shiga. Gidan kango ne, ɗan ƙarami, bangon dutse ba rufi, da allon tunawa a jiki. Mahaifinsa manomi ne mai hayar gona a hannun babban basaraken nan Duke na Buccleuch. Tsallaken ruwan ga hasumiyar Newark tana leƙowa ta cikin itatuwa, a cikin gandun Bowhill na gidan Buccleuch ɗin, inda aka karkashe fursunoni bayan yaƙin Philiphaugh a 1645.

Tsohuwar nan ta Abbotsford ta ba mu wani labari da Kawu ya riƙe. A 1804 Scott ya zo neman Park bai same shi a gida ba, sai ya iske shi shi kaɗai a bakin Yarrow yana jefa duwatsu cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya, yana kallon kumfar da ke tasowa. Ya tambaye shi, Park ya ce haka yake auna zurfin kogi a Afirka kafin ya ƙetare, gwargwadon jinkirin kumfar gwargwadon zurfin. Daga nan Scott ya gane abokinsa komawa zai yi.

Muka gangara bakin ruwan, ina riƙe da hannun Kawu saboda santsi. Yarrow bai kai faɗin wani rafin da muke tsallakewa da ƙafa a gida da rani ba, ruwan baƙi-baƙi, sanyi kamar ƙanƙara. Kawu ya ce Sarkawanmu da gora suke aunawa, su ba sa jiran kumfa. Duk da haka ya sunkuya ya zaɓi dutse daidai tafin hannu, ya jefa inda ruwan ya fi duhu. Muka yi shiru. Kumfar ta taso, ƙanana, uku ko huɗu, ruwa ya tafi da su. Ya ce in ɗauko masa wani. Can bisa hanya direban ya matsa oda, Kawu ya ɗaga masa hannu ya jira, ya jefa na biyun.